Wanzamin da ya ƙi taɓa bakwaini

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa ya nufa. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanzamin unguwarmu ta bakin kogi a nan Gaya, ya riga mu tafiya. Ya cika da hantsi yana zaune a zaurensa, bai yi wata doguwar jinya ba. Allah ya sa can ta fi masa nan.

Ina rubuta wannan da ɗan abin da na koya a makarantar manya ta yamma, domin na zauna a wurin makokinsa, na ji abin da ya tayar mini da zuciya. In na bar shi a bakin mutanen da na gani a kan tabarmin nan, kafin shekara ta zagayo ba abin da zai rage nasa sai "tsohon nan mai tsoron jini".

Mutane kam sun zo. Sun zo daga Bengu, sun zo daga Tunuga, wasu sun ƙetaro daga Malanbil. Kowa ya ce "Ina haƙuri?", Dendawa su ce "Fonda tilas", a shafa fatiha. Amma kafin hannu ya sauka daga fuska zance ya koma kan shinkafa, kan gadar da Nasara ke ginawa, kan wanda zai ci zaɓe. Wani ɗan kamasho na tashar kamyo, manyan motocin kaya, ya jawo ƙwaryar gumbar sadaka gabansa kamar uwarsa ta dama masa. Yana ci yana lasar yatsu, yana mayar da su cikin ƙwaryar, ƙudaje na bin gemunsa. Da ya ƙoshi ya yi gyatsa, ya tofar da tuƙar goro a gefen tabarmar liman, ya ce, "Allah ya jiƙan tsoho. Amma gaskiya yanzu ƴaƴanmu za su samu a cire musu belu kan lokaci."

Aka yi dariya, a ƙofar gidansa, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba.

Ni ban yi dariya ba, don akwai bakwaini a cikin gidana. Ɗiyata ta fari ta dawo gida goyon ciki, naƙuda ta zo mata tun ciki bai kai ba, ta haifi mace, ƴar mitsitsiya, duka-dukanta ba ta cika tafin hannuna biyu ba. Ana gobe zai rasu kawu ya shigo ya duba ta. Gidana shi ne gida na ƙarshe da ƙafarsa ta taka. Da zai fita ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Kai ɗan ƙanwata, kar ƙarfe ya taɓa yarinyar nan. Ko aski ban yarda ba." Ga shi ya tafi, ga ranar suna ta matso, ranar da wanzami ke aske kan jariri, ya cire belu, ya yi tsagar gado. Kuma cikin masu dariyar nan har da surukina, mahaifin mijin ɗiyata, babban ɗan kasuwar goro. Jaririya a ɗakin matata take kwance, amma iko a kanta na dangin ubanta ne.

Kawu ba mutum ne mai daɗin baki ba, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. In ka zauna aski ka yi masa gardama, sai ya danna maka kai har wuyanka ya yi ƙara. Da ya ji na shiga makarantar manya, ya ce, "Gemu ya fito, an tafi koyon tatata." Bai iya ganin ƙazanta ba. Asakensa yakan tafasa su a wata ƴar tukunya da ba wanda ya isa ya taɓa. In ƙuda ya sauka kan ƙahonsa, a sake wankewa. Yakan shinshina hannun ungozoma kafin ya bari ta miƙo masa jariri, ya kuwa sha zagi a kan haka. Ya yi wa rabin mazan unguwar nan kaciya, ban taɓa jin wanda ya kumbura ba.

Abin da ya raba shi da mutane guda ne. In aka kira shi gidan da aka haifi bakwaini, ko ɗan da ya cika wata amma ya zo ba nauyi, zai zo, ya wanke hannu, ya ɗauki jaririn. Ya ja fatar ido ƙasa, ya duba dasashi, ya duba tafin ƙafa. Sannan ya mayar wa uwar, ya ɗaure zabirarsa. "Ku yanka ragonku, ku raɗa suna, ku ci tuwo. Ƙarfe kuwa sai ya yi nama." Tsofaffin gida su taso masa: in ba a cire belu ba yaro zai yi ta amai, zai ƙi nono. Sai ya ce, "Na ji. In ya yi amai ku aiko a kira ni. In jininsa ya tsiyaye, wa za ku kira?" Wasu su haƙura. Wasu su jira ya juya baya su nemo wani wanzamin. Na san ƙananan kaburbura na irin waɗannan gidaje, kuma ba a taɓa cewa aska ce ba. Kullum cewa ake dama ba mai zama ba ne.

Rigimarsa da lokotoro kuwa, wato mai duba marasa lafiya a gidan likita, a gabana aka yi. Shekarun baya aka kawo wani ɗan Dahome gidan likita, gajere mai tabarau, Hausarsa a karkace, rabinta Dendanci. Labari ya iske kawu cewa mutumin nan yana huda dugadugan jarirai yana ɗibar jini, har na bakwaini. Ya ɗauki sanda. Mahaifiyata ta ce in bi shi kar ya yi abin da zai kai shi gaban kumandan. Ya ratsa layin mata ko sallama babu.

"Kai ne mai shan jinin bakwaini?"

Lokotoro ya dube shi ta saman tabarau. "Baba wanzam, zauna. Ni ɗigo ɗaya ina ɗauka. Ku nawa kuna zubarwa?"

"Ni ban zubar ba."

"Ƴan'uwanka masu zabira fa?"

Kawu ya jingine sandarsa ya zauna. Lokotoro ya ciro wata takarda mai launin ja iri-iri a jere, daga mai haske kamar ruwan da aka wanke nama, har mai duhu kamar zoɓon da ya kwana a jiƙe. Ya ce ana ɗiga jini a kan farar takarda, a kara shi da waɗannan, a ga inda ya faɗa. Kawu ya miƙa yatsa ya ce a gwada nasa. Aka gwada, ya faɗa wajen tsakiya, lokotoro ya ce lafiya lau, na babban mutum ke nan. Sai aka kawo wani jariri ƙato da aka haifa jiya-jiya, aka huda dugadugansa. Nasa ya wuce na kawu duhu nesa ba kusa ba.

"Wannan abin da bai san hannunsa daga ƙafarsa ba ya fi ni jini? Ni da na ci naman dorina? Takardarka ƙarya take yi!"

Lokotoro ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce haka Allah ya yi su. Jariri yana zuwa da guzurin jini daga uwarsa, mai ƙarfi fiye da na babba, sannan ya yi ta raguwa a makonnin farko kafin jikinsa ya kama yin nasa. Bakwaini kuwa ya fito tun bai gama ɗaure guzuri ba, nasa ya fi saurin sauka, ya fi yin ƙasa. Jinin jikinsa duka bai cika ludayin fura ba, kuma a kwanakin farko in ya fara zuba ba ya saurin tsayawa. Saboda haka ma'aunin babba daban, na sabon haihuwa daban, na ɗan wata guda ma daban. Abin da yake lafiya ga wani, ga wani ciwo ne.

Kawu ya tashi ya ce duk wannan ya daɗe yana gani a fatar ido, ba sai da takarda ba. Amma ranar kasuwa ta zagayo na gan shi zaune a bencin likita, da wata mai jego da ya kawo da kansa. Daga nan ba su rabu ba, ba su kuma daina faɗa ba. Lokotoro ya ce belu ma bai kamata a cire wa kowa ba, babba ko ƙarami, Allah bai sa shi a banza ba. Kawu ya ce ya kula da allurarsa. Har ya mutu ba su daidaita a kan wannan ba. A kan bakwaini kaɗai bakinsu ya zo ɗaya. Mutanen gari kuwa suka sa masa suna wanzamin Nasara. Suka ce hannunsa ya fara rawa shi ya sa yake fakewa da takarda. Gidaje da yawa suka daina aika masa da rabonsa na naman suna.

A wurin makokin akwai wata tsohuwa daga Tunuga, matar wani masunci, wadda ta zauna a bakin zaure ba ta taɓa ko gumba ba. Na san labarinta daga bakin kawu. Shekaru da yawa baya ya je can yi wa yara kaciya da damina, ya tarar ta haifi bakwaini a bukkar bakin ruwa. Dangin mijinta sun naɗe shi a tsumma sun ajiye gefe, ko rago ba su nema ba, wai a jira a gani. Kawu ya ɗauke shi ya zura cikin rigarsa, ya manna shi da ƙirjinsa, ya zauna haka nan har jikin yaron ya yi ɗumi. Ya sa uwar ta tatsi nono, ya riƙa ɗiga masa da auduga. Ya nuna mata yadda za ta ɗaure shi a ƙirjinta cikin zane, fata da fata, kar ta sauke shi ko tana daka. Duk ranar kasuwar Tunuga sai ya hau jaki ya koma, cikin taɓo, har yaron ya yi kumatu. Ranar makoki ta turo wani ƙaton saurayi gaban maza, sai da ya sunkuya kafin ya shiga zauren. Ta ce da ƙarfi, "Ga wanda aka ce a jira ya mutu." Mutum biyu ko uku suka ɗaga kai. Sauran hankalinsu na kan masa da aka shigo da ita.

Inda kawu ya gaza shi ne wajen ɗansa, taubashina, wanda ya gaji zabirar. Bai taɓa yaba masa ba. Hannun itace yake kiransa, a gaban mutane. In zai je gidan bakwaini ba ya tafiya da shi, wai numfashinsa ma ya yi wa jariri nauyi. Shi kuwa ɗan shi ke shan gori a kasuwa, shi matarsa ke tambaya ina naman suna. Don haka ban yi mamaki ba da na ji shi ranar sadakar uku yana ce wa surukina, "Ni ba tsoho ba ne, Malam. Ranar suna ina nan tafe da sassafe."

Na bi shi gida da la'asar.

"Bawana," in ji shi, "gaisuwa ka zo ko wa'azi?"

"Ubangidan da ko akuya ba shi da ita, wa'azin mi zan yi maka? Ubanka ya ce kar ƙarfe ya taɓa jikata."

"Ubana ya faɗi abubuwa da yawa. Ya ce ni jaki ne. Ka taɓa ganina da mangala?"

"Ban duba bayanka da kyau ba."

Ya yi dariya, amma bai sauko ba. Ya ce in ya fara da ƙin aiki a gidan babban mutum kamar surukina, to ya rataye aska ya tafi kamun kifi. Ya ce shi ma yana da ƴaƴa masu ci.

Sai na ce bari in bi hanyar kawu. Washegari da safe matata ta naɗe jaririya a ƙirjinta muka nufi likita. Surukina ya ce zai zo ya ga wannan tsafin na Nasara da idonsa. Lokotoron yana nan, ya yi furfura. Ya yi mini ta'aziyya, idonsa ya cika, ya ce yanzu ba shi da abokin faɗa. Ya huda ɗan duddugen, yarinya ta yi wani kuka siriri kamar na ɗan kyanwa. Ya kara takarda. Ɗigon ya faɗa wajen tsakiya, har ya ɗan karkata ga mai haske. Na ga fuskarsa ta canza.

Surukina ya leƙo ya ɗora yatsa. "Nan wurin na wa ne?"

"Nan kusa da na babban mutum mai lafiya ne, amma..."

"Alhamdulillahi! Kun ji ko? Jinin babban mutum gare ta. Jinin gidanmu ke nan!"

Bai tsaya jin sauran ba. Ya kaɗa riga ya fita, lokotoro na kiransa yana cewa ga sabuwar haihuwa wannan ƙasa ne, ƙasa sosai, ya kamata ta fi haka duhu, kuma raguwar ma tana gaba. Kafin azahar duk tasha ta ji cewa takardar Nasara da kanta ta ce jikar Malam jinin ƙato gare ta. Na sami surukina a rumfarsa, na zauna a ƙasa, na yi masa bayani a hankali, na sake yi. Yana ta ware goro yana jefar da masu tsutsa. Da na gama ya ce, "Ina ganin girmanka. Ka fara boko da furfura, yau kana so ka ce mini ja ba ja ba ne? In taubashinka ya gaji tsoro, akwai wanzami a tasha."

Na san wanzamin tasha. A wandonsa yake goge aska tsakanin kai da kai. Ƙahonsa da busasshen jinin jiya a ciki, in ya buɗe zabira ƙudaje ke fara fitowa. Na tuna ƙoshiyarsa ta cire belu mai tsatsa, na tuna bakin jikata wanda ƙaramin yatsana ma ya yi masa girma. Mijin ɗiyata kuwa yaron kirki ne, amma ba ya ɗaga ido a gaban ubansa. Ɗiyata ta daina cin abinci.

Ranar suna aka taru a ƙofar gidana, liman ya raɗa suna, aka yanka rago. Taubashina ya iso da zabirar kawu a kafaɗa, ya shimfiɗa buzu a zaure, ya jera asake. Ba yadda na iya. Matata ta fito da jaririya a cikin zane, na karɓa, na sa masa a hannu.

Bai taɓa riƙe irinta ba. Ya buɗe zanen ya ce, "Ina sauranta?" Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba. Ana ganin bugun zuciyarta ta fatar ƙirji, ana ganin jijiyoyin kanta kamar zare. Ya daɗe yana kallo. Ya sa ɗan yatsa ya buɗe bakinta, ya leƙa, ya rufe.

"Belun bai nuna ba," ya ce.

Surukina ya ce, "Belu mangwaro ne da zai nuna?"

"Malam, aikinka goro. Na taɓa zuwa rumfarka na nuna maka mai tsutsa?"

"To yi mata tsagar gidanmu."

"Ba wurin da zan ɗora ta. Fuskar duka ba ta kai tsagar ba."

Surukina ya miƙe, ya ce a je tasha a kira masa wanzami na gaske. Taubashina ya mayar mini da yarinya. Ya tattara asakensa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure zabira, ya ɗaga ta ya rataye a ƙusar da ke saman ƙofar zaurena, ya koma ya zauna a kan buzu.

Wanda ba ɗan sana'a ba ba zai gane abin da ya yi ba. A wurin wanzaman ƙasar nan, gidan da zabirar wani ke rataye aikinsa ne bai ƙare ba. Wani wanzami ba ya kwance tasa a nan, ko nawa za a ba shi, don sun yarda wanda ya yi haka askarsa ba za ta sake yin albarka ba. Na tasha ya iso da sauri yana share gumi. Ya ɗaga kai ya ga abin da ke rataye, ya tsaya a bakin ƙofa. "Ashe an riga ni," ya ce. Ya karɓi goronsa ya juya. Surukina ya hana a ba taubashina ko tsokar rago, ya tafi da mutanensa ba sallama.

Zabirar tana nan har yau da nake wannan rubutu, kuma taubashina ba shi da wata. Ba ya aski, ba ya ƙaho, a bakin kogi yake wuni yana sauke buhunan shinkafa tare da ƴan dako. A kasuwa an ce tsoro ma ashe ana gadonsa. Masu faɗin haka su ne za su zo sadakar arba'in su cika ciki, kuma ni zan shimfiɗa musu tabarma. Kowace Juma'a surukina yana aiko a duba ko an sauke ta. Jikata tana kama nono, amma lokotoro ya ce makonnin da jininta zai fi yin ƙasa ba su wuce ba tukuna.

Da safe taubashina yakan biyo kafin ya gangara kogi. Ba ya duban saman ƙofa.

"Bawa, ta ƙara nama?"

"Kaɗan."

"To a bar zabirar a nan."

Allah ka jiƙan kawu, ka yafe masa zafin bakinsa, ka haskaka masa makwanci. Ka raya yarinyar nan, ka cika mata jininta, har ɗansa ya samu ya sauke zabira ya koma neman abincin ƴaƴansa. Amin.